Tambayoyi da Amsoshi Kan Ziyarar Haikalai, Wuraren Bautar Shinto da Tsofaffin Gine-ginen Japan

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini game da wuraren tarihin ƙasar Japan, wasu daga ɗalibai masu shirin tafiya karatu, wasu daga 'yan kasuwar da harkar motoci kan kai su can, wasu kuma daga mutanen da hotuna kawai suka gani suna son sanin abin da ke bayansu. Na amsa su gwargwadon abin da idona ya gani da abin da tarihi ya tabbatar.

Mene ne bambanci tsakanin haikali da wurin bautar Shinto, kuma ta yaya baƙo zai gane su?

Addinai biyu ne suka cika ƙasar da gine-gine. Shinto shi ne addinin gargajiyar Japanawa, wanda ya ginu a kan girmama abin da suke kira kami, wato ruhohin da suka yi imani suna tare da duwatsu da itatuwa da koguna da magabata, kuma wurin bautarsa ana kiran sa jinja. Addinin Buddha kuwa baƙo ne, ya shigo daga Koriya a ƙarni na shida, kuma gine-ginensa su ne nake kira haikali a wannan rubutu. Alamar jinja ita ce torii, ƙofa mai ginshiƙai biyu da gungumen da aka gitta a samansu, babu ƙyaure babu bango. A haikali za a tarar da ƙatuwar ƙararrawar tagulla, da kaskon turaren wuta, da mutum-mutumin Buddha, sau da yawa har da maƙabarta a gefe. Suna ma yana taimakawa, domin sunan haikali yakan ƙare da "ji" ko "dera", na jinja kuma da "jingu" ko "taisha".

Duk da haka baƙo zai riƙa ganin ƙaramin jinja a harabar haikali. Dalili shi ne addinan biyu sun zauna a cakuɗe fiye da shekara dubu, sai a 1868 gwamnatin Sarki Meiji ta ba da umarnin a raba su, kuma rabuwar ba ta kai ko'ina ba. Akwai jinja kusan 80,000 da haikalai sama da 70,000 a ƙasar.

Me ya fi tsaya wa baƙo a rai?

Yawancin masu zuwa da girman gini ko ƙyallin zinariya suke zuwa a zuciya, amma abin da suke komawa gida suna faɗa shi ne kulawa. Wata safiya a wani ƙaramin haikali da ke gabashin Kyoto na tsaya ina kallon wani dattijo sanye da shuɗiyar rigar aiki yana jan manjagarar katako a kan farar tsakuwa, yana tafiya da baya don kada sawunsa ya ɓata layin da ya ja, kuma da ya kai ƙarshe sai ya durƙusa ya tsince ganyaye biyu da iska ta kawo, da yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ba don baƙi yake yi ba, domin a lokacin ba a ma fara sayar da tikiti ba. Dakalin katakon da na zauna a kai ya yi santsi saboda goge shi da ɗanyen tsumma da ake yi kullum, sanyinsa yana ratsa safa har tafin ƙafa. A ganina duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin abin da ya kawo shi, domin waɗannan wurare hannun mutane ne ke riƙe da su a raye.

Gaskiya ne cewa da yawa daga cikin gine-ginen ba su kai tsufan da ake faɗa ba?

Gaskiya ne, kuma gara mutum ya san haka tun daga gida. Da katako ake gini a Japan, ƙasa ce kuma ta girgizar ƙasa da guguwa da gobara da yaƙe-yaƙe. Haikalin Sensoji na unguwar Asakusa a Tokyo yana ƙirga asalinsa tun ƙarni na bakwai, amma babban zaurensa ya ƙone a ruwan bama-baman watan Maris na 1945, kuma wanda ake gani yau an kammala shi ne a 1958 da kankare. Meiji Jingu, jinjan da ke Tokyo, shi ma a wannan shekarar aka sake gina shi bayan yaƙi ya cinye na 1920. Ginin zinariya na Kinkakuji a Kyoto, wanda shogun (wato shugaban mulkin soja) Ashikaga Yoshimitsu ya kafa a 1397, wani matashi daga cikin almajiran haikalin ne ya cinna masa wuta a 1950, aka maido da shi a 1955.

Misalin da ya fi kowanne ban sha'awa shi ne Ise Jingu, jinja mafi daraja a ƙasar. A can da gangan ake yi: duk shekara ashirin ana gina sabo a filin da ke gefen tsohon, da irin itacen, da irin sassaƙar, a mayar da abin bautar cikinsa, sannan a kwance tsohon a rarraba katakonsa ga wasu wuraren bauta. An fara wannan al'ada a shekara ta 690, an yi ta karo na 62 a 2013, kuma ana sa ran na gaba a 2033. Shekara ashirin ta isa masassaƙi ya koya yana saurayi, ya yi aikin yana magidanci, ya koyar yana dattijo, don haka sana'ar ba ta mutuwa. Bahaushe bai kamata wannan ya zo masa a baƙo ba, domin wanda ya tashi a gidan ƙasa a Kano ko Zariya, ko ya ga hasumiyar masallacin Agadas, ya san cewa ginin da aka daina yi wa yaɓe damina kaɗan ce za ta kai shi ƙasa, kuma babu mai cewa gidan kakansa ya zama sabo don an sake masa yaɓe.

Mai neman tsufa na zahiri ya nufi Horyuji kusa da Nara, wanda aka kafa a 607, inda ake da gine-ginen katako da ake ɗauka su ne mafi tsufa da suka rage a duniya.

Wanda yake da kwana uku ko huɗu kawai, ina zai dosa?

Kyoto da Nara. Kyoto ta kasance mazaunin sarakunan Japan daga 794 har zuwa 1868, yaƙin duniya na biyu bai rusa ta ba, kuma wurare 17 na cikinta da kewayenta sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1994. Daga Tokyo jirgin ƙasa na shinkansen yana kai mutum cikin sa'a biyu da kwata, daga Kyoto zuwa Nara kuwa kimanin minti 45 ne. Shawarata ita ce kada a wuce wuri uku a rana. Wanda ya jera bakwai, kafin la'asar duk sun zama ɗaya a idonsa, ƙafa ta kumbura, kuma bai zauna ko'ina ba.

Ina ne wurin nan mai jerin jajayen ƙofofi da ake yawan gani a hoto?

Fushimi Inari Taisha ke nan, a kudancin Kyoto, wanda tarihinsa ya koma shekara ta 711. Inari shi ne kamin shinkafa da albarkar kasuwanci, shi ya sa kamfanoni da 'yan kasuwa suke ba da kuɗi a kafa torii da sunansu, har adadinsu ya kai wajen dubu goma a kan hanyoyin da suka hau dutsen. Idan mutum yana hawa, ja zalla yake gani. Sai ya juyo zai ga baƙin rubutu a bayan kowane ginshiƙi, sunan mai bayarwa a hannu ɗaya, ranar bayarwa a ɗaya hannun. Mutum-mutumin dabbar nan mai kama da dila, wadda suke kira kitsune, yana ko'ina, wani da makullin rumbu a baki, domin ita ce suke ɗauka ɗan aiken Inari.

Tsayin dutsen mita 233 ne, kuma zagaya shi yakan ci sa'a biyu zuwa uku. A ƙasa cunkoso har kafaɗa na gogar kafaɗa, amma yawancin mutane da sun ɗauki hoto suke juyawa, saboda haka bayan rabin sa'a na hawa sai hanya ta zama ta mutum shi kaɗai, ba ya jin komai sai kukan hankaka da zubar ruwa. A can sama ake ganin ƙofofin da fentinsu ya koɗe, gindinsu ya fara ruɓewa, ana jiran a tumɓuke su a kafa wasu. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma ba a rufe wurin dare ko rana.

Ginin zinariya ya kai yadda ake zuzuta shi?

Kyawunsa ba ƙarya ba ne, musamman idan ruwan tafkin ya kwanta ya ɗauki hotonsa. Hawa biyu na sama ne aka lulluɓe da fallayen zinariya, aka kuma sabunta su a 1987. Sai dai ba a shiga cikinsa, hanya ɗaya ce ake bi, jama'a na turowa daga baya, kuma cikin minti arba'in an gama. Ni dai Ryoanji, wanda ke tafiyar ƙafa ta kusan minti ashirin daga nan, ya fi zauna mini a rai. Fili ne na tsakuwa da duwatsu 15 da aka dasa a cikin gansakuka, an tsara su ta yadda daga duk inda mutum ya zauna a barandar ba zai ga goma sha biyar ɗin gaba ɗaya ba. Za a ga baƙi suna gusawa kaɗan-kaɗan suna ƙirge da yatsa, daga baya su haƙura su yi shiru. Akwai kuma Ginkakuji da ake kira ginin azurfa, wanda ba a taɓa shafa masa azurfa ba, kuma lambunsa ya fi ginin daɗin kallo.

A gabashin birnin akwai Kiyomizudera, wanda aka kafa a 778, gine-ginensa na yanzu kuma na 1633 ne. Barandarsa tana tsaye a kan ginshiƙai masu tsayin mita 13 a gefen tudu, an harɗa katako cikin katako ba tare da ƙusa ba. Ya kamata mutum ya sauka ƙasa ya ɗaga kai ya kalli wannan harɗi, domin nan gwanintar take.

Me ake gani a Nara?

Nara ta riga Kyoto zama babban birni, daga 710 zuwa 784. Abin da ke kai kowa can shi ne Todaiji, inda mutum-mutumin Buddha na tagulla mai tsayin kusan mita 15 yake zaune tun da aka ƙaddamar da shi a 752. Zauren ya ƙone a 1180, ya sake ƙonewa a 1567, kuma wanda ke tsaye yau na 1709 ne. Faɗinsa mita 57, amma duk da haka bai wuce kashi biyu cikin uku na faɗin na asali ba, abin da baƙo kan ji ya sake ɗaga kai ya dubi rufin. A bayan mutum-mutumin akwai ginshiƙi mai rami a gindinsa, wanda 'yan makaranta kan yi layi su kurɗa ta cikinsa, malamansu na jawo su ta hannu.

Bareyin dandalin Nara sun haura dubu, suna yawo a sake, kuma mutanen garin sun daɗe suna ɗaukar su 'yan aiken kamin Kasuga Taisha. Ana sayar da wani busasshen biskit na musamman don ciyar da su, kuma wasunsu sun koyi sunkuyar da kai idan suna roƙo. Dabbobin daji ne dai, sukan ja riga, sukan tunkuyi, kuma sukan fizge taswira ko leda su haɗiye, abin da ke kashe wasunsu. Wanda abincin ya ƙare masa ya buɗe tafukan hannunsa su gani, sai su rabu da shi.

Musulmi ko Kirista zai iya shiga ba tare da ya yi ibadarsu ba?

Babu mai tambayar addinin mutum a ƙofa, kuma babu mai tilasta masa komai. Hukuncin shiga wurin bautar wani addini magana ce da mutum zai kai wa malaminsa. Abin da zan iya yi shi ne in bayyana waɗanne ayyuka ne ibada, don kada a yi su cikin rashin sani. A bakin jinja akwai kwamin dutse da ludaya masu dogon hannu, inda ake wanke hannun hagu, sannan na dama, sannan a kurkure baki. Musulmi da ya gani zai tuna alwala, amma wannan tsarki ne na shirin fuskantar kami. A gaban zauren mai bauta yakan jefa tsaba a akwati, ya kaɗa ƙararrawa, ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake rusunawa sau ɗaya. A haikali ba a tafi, haɗa tafukan hannu ake yi a kunna turare. Takardun omikuji na duba ne, omamori layu ne, allunan ema kuwa buƙatu ake rubutawa a kansu a rataye. Tikitin shiga Kinkakuji ma da siffar laya aka buga shi, yana da kyau a san haka.

Wanda bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya tsaya gefe cikin natsuwa ya bar masu ibada su yi tasu, babu wanda zai ga baƙinsa. Abin da ke ɓata wa mutanen wurin rai shi ne wanda zai kwaikwayi ibadar don wasa ko don hoto.

Waɗanne ladubba ne ba a wasa da su?

Takalmi shi ne na farko. Duk inda aka ga kanta ko ledojin da aka tara a bakin ƙofa, cire takalmi ake yi, kuma ba a taka tabarmar tatami ko katakon ciki da shi, don haka a sa safa mai tsafta da takalmin da ba shi da wuyar cirewa. Ba a taka dokin ƙofa, tsallake shi ake yi. A hanyar shiga jinja an fi son a bi gefe, domin tsakiya a wurinsu hanyar kami ce. Hoto a harabar waje ba laifi, amma a cikin zaure sau da yawa an hana. A haikalin Sanjusangendo na Kyoto, inda mutum-mutumi 1,001 suke jere a zaure mai tsawon kusan mita 120, hanin yana da tsanani, haka ma a ƙuryar Ise. Kwandon shara yana da wuyar gani, kowa da sharar sa yake tafiya har masauki. A unguwar Gion ta Kyoto an hana ɗaukar hoto a lungunan da mallakar mutane ne, saboda yadda wasu baƙi suke tare matan geiko, masu raye-raye da kaɗe-kaɗen gargajiya, a hanya suna jan tufafinsu.

Yaushe ya fi dacewa a je, kuma yaya ake kauce wa cunkoso?

A 2024 baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga Japan, kuma Kyoto ta ɗauki kaso mai nauyi, har mazauna birnin suna rasa wurin tsayawa a motocin bas ɗin da suke zuwa aiki da su. Lokaci biyu ne suka fi kyau kuma suka fi cika: ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu da furen sakura ke buɗewa, da tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshensa da ganyen momiji ke rikiɗa ja. A guji hutun ƙarshen Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da tsakiyar Agusta, da kwanaki ukun farko na Janairu, lokacin da mutum kusan miliyan uku ke zuwa Meiji Jingu kaɗai. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli ruwan sama ne, Agusta kuma zafi ne mai gumi wanda ya sha bamban da busasshen zafin da muka saba da shi. Maganin cunkoso sammako ne. Kiyomizudera yana buɗewa da ƙarfe shida na safe, kuma wanda ya fito bayan asuba zai same shi kamar ba shi ne na tsakar rana ba.

Nawa ake kashewa?

Yawancin jinja kyauta ne. Manyan haikalai sukan karɓi tsakanin yen 400 zuwa 1,000, kuma da yawansu tsabar kuɗi suke so, don haka a riƙe canji a aljihu.

Yaya batun abinci da sallah?

Nan ake buƙatar shiri. Romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma giyar shinkafa, wato sake da mirin, tana shiga miya da mahaɗai da dama ba tare da an gan ta ba. Abincin haikali da ake kira shojin ryori babu nama babu kifi a cikinsa, amma shi ma a tambayi ko an sa mirin. Mafi shaharar wurin cin sa shi ne tsaunin Koya, wanda malamin Buddha Kukai ya kafa cibiyar ibada a kansa a 816, inda haikalai da dama suke saukar da baƙi su kwana. Akwai gidajen abinci na halal a Asakusa da Kyoto, akwai ɗakunan sallah a filayen jirgin sama na Narita da Haneda da Kansai, akwai babban masallacin Tokyo Camii da aka sake ginawa a 2000, sannan akwai masallacin Kobe na 1935, mafi tsufa a ƙasar, wanda ya tsira daga bama-baman yaƙi da girgizar ƙasar 1995. Kiristoci kuwa za su so ganin cocin Oura a Nagasaki, inda a 1865 wasu mutanen ƙauye suka bayyana cewa sun ɓoye addininsu tsawon zamunnan da aka haramta shi.

Banda wuraren bauta, wace fada ce ta cancanci tafiya?

Himeji. Fadoji goma sha biyu ne kawai a ƙasar suka rage da hasumiyarsu ta asali, kuma ita ce mafi girma a cikinsu. An kammala hasumiyar a 1609, ana kiran ta farar balbela saboda farin yaɓenta, kuma ta tsaya daram lokacin da garin da ke kewaye da ita ya ƙone a 1945. Hanyar shiga tana karkacewa tana komawa baya don ta rikita maharin, bangaye cike da ramukan harbi, matakalar ciki kuma tsaye take kamar tsani, mutum na hawa da takalminsa a leda. Ta Osaka tana da kyau daga waje, amma ginin kankare ne na 1931. A Kyoto akwai Nijo ta 1603, wadda katakon barandarta ke kuka kamar tsuntsu idan an taka, kuma a nan ne shogun na ƙarshe ya sanar a 1867 cewa zai mayar wa sarki mulki.

Ya dace a haɗa Hiroshima da Miyajima a rana ɗaya?

Ana iya yi, amma a fara duba jadawalin teku. Ƙatuwar torii ta jinjan Itsukushima da ke tsibirin Miyajima, mai tsayin kusan mita 16, wadda aka kafa a 1875, tana tsaye ne a cikin ruwa ba tare da an binne gindinta a ƙasa ba, nauyinta ne ke riƙe da ita. Idan teku ya ciko sai ta yi kamar tana shawagi, idan ya janye sai a taka rairayi a je har gindinta a ga ƙananan kifayen ɓawo manne da katakon. Jirgin ruwa minti goma yake yi zuwa tsibirin.

Hiroshima kuwa na fi so a ba ta safiya cikakkiya, kada a tsara wani abu nan da nan bayanta. Bam ɗin nukiliyar da aka jefa wa birnin ya tashi ne da ƙarfe takwas da kwata na safiyar 6 ga Agusta, 1945, kuma an ƙiyasta mutum 140,000 ne suka mutu kafin ƙarshen shekarar. Kangon ginin nan mai ƙubba, wanda aka gina a 1915, yana nan a bakin kogi yadda wuta ta bar shi, an tallafe shi da ƙarafa daga ciki don kada ya zube. A gidan tarihin akwai keken wani yaro mai ƙafa uku da ya babbake, da kwanon abincin wani ɗan makaranta da shinkafar cikinsa ta zama gawayi. Mutane sukan fito daga nan ba sa magana, kuma akwai bencina a ƙarƙashin itatuwan bakin kogin inda mutum zai iya zama har ya dawo hayyacinsa kafin ya nemi jirgin da zai kai shi tsibirin.